Hotunan Bakin Baba Kura

Da hantsin wata Laraba, a tsakiyar damina, aka bugo wa Sufeto Mu'azzam waya daga caji ofis na Roni. Wani makiyayi ne ya kai shanunsa shan ruwa a wani tsohon rami da masu aikin titi suka haƙa don ɗibar marmara, sai ya hango gawa a kan ruwan.

Sufeto Mu'azzam jami'in binciken manyan laifuka ne a Kazaure. Ya ɗauki sajansa, suka kama hanya. Kafin su isa, an fito da gawar an lulluɓe ta da tabarma.

Namiji ne, dattijo, sanye da farar jamfa da wando. Babu hula, babu takalmi, babu waya a aljihu. Ruwa ya ɓata fuskar har ba a gane ta. A ƙugunsa akwai guntun igiya da ya tsinke.

"An ɗaura masa dutse ne, igiyar ta tsinke," in ji Sufeto. "Ba faɗawa ya yi ba. Kawo shi aka yi."

Aka ɗauki gawar zuwa mutuware a Kazaure. Likitan da ya duba ta ya fito yana cire safar hannu.

"Ban ga sara ba, ban ga harbi ba. Ɗaya daga cikin haƙoransa na gaba ya karye. Abin da ya wuce wannan a cikin baki ba fannina ba ne."

Kafin azahar aka sake bugo waya, wannan karon daga Gwiwa. Wata mata ta kai rahoton ɓatan mahaifinta tun ranar Asabar. Labarin gawar Roni ya riga ya shiga gari, mutane sun taru a ƙofar wani mai injin niƙa suna cewa shi ne ya kashe dattijon. 'Yan sandan Gwiwa sun ɗauke shi sun kulle, don bincike da kuma don tsaron ransa.

A caji ofis na Gwiwa, Sufeto ya tarar da matar zaune a benci. Sunanta Khadijat, malamar firamare ce a Babura, can take aure.

"Malama, faɗa mini wane ne mahaifinki."

"Baba Kura ake ce masa, Yallaɓai. Asalinmu daga Borno ne, amma a nan aka haife ni. Yana noman gero da riɗi. Tun rasuwar mahaifiyata shi kaɗai yake zaune, maƙwabta ke kai masa abinci."

"Yaushe rabonki da shi?"

"Ido da ido, tun babbar Sallah. A waya kuwa, ranar Asabar da safe. Ya ce ciwon haƙori ya hana shi cin abinci. Daga nan wayar ba ta ƙara shiga ba."

Wanda ya fara nuna mai injin da yatsa shi ne Muhsin, mai kemis a bakin kasuwa. Matashi ne mai tsafta, ya zo da kansa don ya ba da shaida.

"Ranar Juma'a ne, Yallaɓai, bayan an sauko daga masallaci. Baba Kura ya je ya ce wa Abel mai injin, ƙarar injinsa tana ƙara masa ciwon kai. Magana ta yi zafi. Da idona na ga Abel ya kai masa naushi a baki, har haƙorin gaba ya karye."

"Bayan nan ka sake ganin dattijon?"

"Ko kusa. Tun ranar ban ƙara sa shi a ido ba."

Aka fito da Abel daga sel. Mutumin Filato ne, ya daɗe a Gwiwa, Hausarsa ba ta da gargada. Har lokacin akwai garin masara a gashin girarsa.

"Ka taɓa Baba Kura ranar Juma'a?"

"Ban taɓa shi ba, Yallaɓai."

"Mata sun kawo niƙa a wurin. In na tambaye su, haka za su ce?"

Abel ya sunkuyar da kai.

"Na ture shi. Ya kai hannu zai kashe injin, bel ɗin injin na juyawa, na ture shi baya ya zauna a kan buhu. Na ji kunyar abin, shi ya sa na ɓoye. Amma naushi, wallahi ban kai masa ba. Mutumin da ya ba ni filin da na kafa injin, in nausa?"

Sufeto ya zaga unguwar yana tambaya ko haƙorin dattijon ya karye tun kafin Juma'a. Wani ya ce e, wani ya ce a'a, mafi yawa suka ce ba su lura ba. Baba Kura yana da gashin baki mai kauri, kuma ba mai yawan dariya ba ne.

Washegari da safe aka kai Khadijat mutuware. Ta daɗe a tsaye, sannan ta fito tana riƙe da bango.

"Tsawon nasa ne. Rigar kuwa, rabin dattawan Gwiwa irinta suke sawa. Ba zan iya rantsewa ba, Yallaɓai."

"Dangi suna son a ba su gawar yau."

"Na sani. Amma in ba shi ba ne fa? Wata tana can tana neman nata uban, ni kuma na binne mata shi."

Sufeto ya ce, "Kin ce ciwon haƙori yake yi. Ya je asibiti?"

"Ni na matsa masa. Akwai wata likitar haƙori a nan Kazaure, Dakta Martina. Ya dawo yana yi mini tsiya a waya, wai na tura shi neman magani an ɓuge da ɗaukarsa hoto."

"Hoto?"

"Haka ya ce. Wai har cikin bakinsa."

Asibitin Dakta Martina ƙarami ne, ɗaki biyu da wurin jira. Ta saurari Sufeto har ya gama, sannan ta dubi Khadijat.

"Hotunan majinyaci amana ne, ba na nuna wa kowa. Ke 'yarsa ce. Kin yarda in buɗe?"

"Na yarda, Likita."

Ta juyo da kwamfutarta. Hoto na farko ya nuna haƙoran gaba a haɗe, an ja leɓuna gefe. Na biyu ya nuna jerin sama ta cikin wani siririn madubi, na uku jerin ƙasa. Kowane haƙori ya fito tar, har jan goron da ke gindinsa.

"Kowa kike ɗauka haka?" Sufeto ya tambaya.

"Duk wanda ya amince, kafin in taɓa komai. Mutum ba ya ganin cikin bakinsa. In na ce masa haƙorinka ya tsage, sai ya ɗauka ciniki nake nema. In na nuna masa, shi da kansa zai ce a gyara. Kuma in ya dawo bayan shekara, ba sai na dogara da abin da na tuna ba."

Sufeto ya matso da kujerarsa. A hoton farko, ɗaya daga cikin haƙoran gaba na sama ya karye a karkace.

"Yaushe aka ɗauki wannan?"

Ta nuna masa kwanan watan da kyamara ta sa wa hoton. Litinin ce, kafin Juma'ar da aka yi rigima.

"Na tambaye shi yadda aka yi," in ji ta. "Ya ce ƙashi ya ciza a naman layya. Ya ce wannan ba ya damunsa, na ciki ne ya kawo shi."

Khadijat ta toshe bakinta da gefen hijabi.

"Ashe Abel bai..."

"Kada mu yi sauri," in ji Sufeto. "Likita, za ki iya zuwa ki duba gawar?"

Ta riga ta miƙe tana haɗa kyamara da madubanta.

A mutuware ta yi aikinta a natse. Ta ɗauki hotuna daga kusurwoyin da ta ɗauki na farko, ta jera su gefe da gefe a kwamfuta, sannan ta kira Sufeto.

"Duba karayar haƙorin gaba. Iri ɗaya ce, ba ta ƙaru ba. Duba wannan na ƙasa da ya hau kan ɗan'uwansa. Duba giɓin nan na dama. Ba ni da shakka, Baba Kura ne."

Sufeto ya fita ya faɗa wa Khadijat. Ta yi salati, ta zauna a kan dakali ta yi kuka mai isarta. Da likitar ta fito, Khadijat ta kama hannunta da hannu biyu.

"Allah Ya saka miki da alheri. Yanzu na san wanda zan yi wa addu'a, na san kuma inda zai kwanta."

Dakta Martina ta rarrashe ta, sannan ta ja Sufeto gefe.

"Akwai wani abu. Ban so in faɗa a gabanta ba."

Ta sake buɗe hoton jerin ƙasa na ranar Litinin. Can ciki a hagu akwai matauni, babban haƙorin tauna, da tsohon ciko baƙi a tsakiyarsa da tsaga a gefe. Dasashin da ke kewaye da shi ya kumbura.

"Wannan ne ke masa ciwo. Yanzu duba na yau."

A sabon hoton, mataunin babu. Sai rami.

"Naushi zai iya fitar da shi?"

"A'a. Kuma ga abin da na zaro daga ramin." Ta nuna masa wata ƙaramar leda da dunƙulen auduga a ciki. "An cusa ta da ƙarfi. Guntun saiwar haƙorin ma yana nan, ya karye a ciki. Cire shi aka yi, kuma wanda ya cire bai iya ba."

"Cire haƙori yana kisa?"

"Ga mutum irinsa, zai iya. Ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, yana shan maganin da ke tsinka jini. In aka cire masa haƙori haka kawai, jinin ba zai tsaya da wuri ba. Shi ya sa ban cire ba. Na ba shi maganin kumburi da na zafi, na tura wa likitan da ke duba shi hoton don mu shirya yadda za a yi. Na ce ya dawo. Na nuna masa hoton, ya ce ya gane."

Muryarta ta ɗan sauka.

"Ina jin zafin ne ya fi ƙarfinsa."

"Likita," in ji Sufeto, "da ba don hotunan nan ba, da gobe zan rubuta wa Abel tuhumar kisa, kuma da zuciya ɗaya zan sa hannu. Na gode. Ki buga mini su a takarda. Kuma maganar mataunin nan ta tsaya tsakaninmu."

Bayan la'asar Sufeto da sajansa suka tsaya a ƙofar kemis ɗin Muhsin. Yana ƙulla wa wata tsohuwa magani. Ya sallame ta, ya fito da fara'a ya ba su benci.

"Na zo ne in ƙara jin shaidarka," in ji Sufeto. "Ka ce naushin ya karya haƙorin gaba."

"Ƙwarai, Yallaɓai."

"Ka ga lokacin da ya karye?"

"Da idona."

Sufeto ya zaro hoton farko ya ɗora a kan kanta.

"Wannan bakin Baba Kura ne. Likitar haƙori ta ɗauka a Kazaure ranar Litinin. Ga haƙorin nan a karye, tun ba a yi rigimar ba."

Muhsin ya dubi hoton, ya lashi leɓe.

"To, wataƙila na gaban dama a karye yake. Amma ai ba shi kaɗai ba ne. Na cikin ma naushin ne ya fitar da shi."

"Wane na ciki?"

"Na... na hagun."

"Wa ya gaya maka babu na hagu?"

"A gari na ji."

"Gari bai sani ba. 'Yarsa ma ba ta sani ba. Ni na sani, likita ta sani, sai wanda ya cire shi." Sufeto ya miƙe. "Me ke bayan labulen nan?"

"Sito ne, Yallaɓai. Kwalaye ne kawai."

Sajan ya yaye labulen. Akwai kwalaye, amma akwai kuma kujerar roba mai hannu, da bokiti, da faranti ɗauke da sirinji da filaya iri biyu. An wanke simintin ɗakin tas, amma a ƙasan ƙafar kujerar akwai busasshen tabo mai duhu.

"Allura nake yi a nan," in ji Muhsin. "Kowa ya sani."

"Da filaya?"

Sufeto ya umarci sajan ya duba bayan shagon.

A can akwai ramin da Muhsin yake ƙona shara. Sajan ya aro rariya a maƙwabta, ya tsuguna yana tankaɗe tokar. Kwalaben allura suka fito, da ƙonannen zip na jaka, da marfin waya da ya narke. Can sai wani abu ya yi ƙara a cikin rariyar.

Haƙori ne. Wuta ta yi masa baƙi, amma bai ƙone ba. Saiwarsa ɗaya ta karye.

Sufeto ya goge shi da hankici, ya ajiye kusa da hoton jerin ƙasa. Cikon da ke tsakiyarsa da tsagar da ke gefensa duk suna nan yadda kyamara ta kama su.

Muhsin ya dubi haƙorin, ya dubi hoton. Ya zauna a ƙasa.

"Ban yi niyyar kashe shi ba, Yallaɓai."

"Faɗi yadda aka yi."

"Ranar Asabar ya zo yana riƙe da kunci. Ya ce in ba shi magani mai ƙarfi. Ni na ce masa a cire kawai a huta. Ya ce likita ta hana, ta ce jininsa ba ya tsayawa. Na ce masa likitoci haka suke, jan rai ne. Na sha cire wa mutane, ba abin da ya taɓa faruwa."

"Sai kuma?"

"Haƙorin ya karye a hannuna. Jini ya ɓalle. Na cusa auduga ta jiƙe, na sake cusawa. Ya ce in kai shi Kazaure. Na ce ya bari, jinin zai tsaya. Tsoro nake ji, ba ni da izinin wannan aikin, in na kai shi za a rufe mini shago. Ya sake roƙona, yana kiran sunan 'yarsa. Daga baya ya daina magana."

Sajan ya kau da kai.

"Na sa shi a motar da nake ɗauko kaya daga Kano, na kai shi ramin can. Hularsa da takalminsa da wayarsa na ƙona."

"Abel fa? Me ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi mini. Na ga rigimarsu ne, na kuma ga karyayyen haƙorin lokacin da ya buɗe mini baki. Da aka ce an ga gawa, sai na ga mafita."

"Dattijo ya gaya maka abin da likita ta ce, ka ƙi ji. Ya roƙe ka asibiti, ka hana shi. Sannan ka miƙa wa mutanen gari wani don su kashe shi." Sufeto ya juya wurin sajan. "Sa masa ankwa."

Mutane sun cika bakin kasuwa lokacin da aka fito da shi. Babu wanda ya yi jifa, babu wanda ya yi ihu. Da yawansu jiya suna ƙofar injin Abel. Suka dare, aka wuce da Muhsin zuwa mota.

Sufeto da kansa ya buɗe wa Abel sel. Ya gaya masa abin da ya faru, ya nuna masa hoton da ya wanke shi. Abel ya karɓi takardar ya duba.

"Wannan matar ba ta san ni ba, Yallaɓai."

"Ba ta san ka ba. Aikinta kawai ta yi yadda ya kamata."

"Ka kai ni in gan ta. Ko ba ta karɓi komai ba, in durƙusa in ce na gode."

Ranar Juma'a da safe aka yi wa Baba Kura sutura a Gwiwa. Abel yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Dattawan unguwa suka je har wurin injinsa suka ba shi haƙuri.

Bayan an share makoki, Khadijat za ta koma Babura, sai ta biya ta Kazaure. Sufeto ya raka ta asibitin, Abel yana biye da su da ƙullin garin masara da ya niƙa da hannunsa. Dakta Martina ta ce ba sai ya durƙusa ba, amma garin ta karɓa.

"Ni ma na zo da roƙo," in ji Sufeto. "Akwai gawarwakin da muke binnewa ba suna. In na sake samun irin wannan, zan iya kiranki?"

"Kira ni. Zan kuma yi wa abokan aikina na Kano da Dutse magana, masu ɗaukar hoto su riƙa adanawa da kyau."

Sannan ta buɗe durowa ta ɗauko ambulan, ta miƙa wa Khadijat.

"Wannan ba na bincike ba ne. Kafin in shiga cikin baki, nakan ɗauki fuskar mutum yana murmushi, don in ga yadda haƙoran suka zauna da leɓe. Mahaifinki ya ƙi. Ya ce shi ba ango ba ne. Na ce masa to ya tuna wani da yake so."

Khadijat ta zaro hoton. Baba Kura ne zaune a kujerar asibiti, hularsa a karkace, yana dariya har karyayyen haƙorin ya fito.

"Wa ya ce ya tuna?" ta tambaya a hankali.

"Ya ce wata malama ce a Babura, mai matsa wa mutane su je asibiti."

Khadijat ta daɗe tana kallon hoton. Ta mayar da shi cikin ambulan, ta sa a cikin hijabinta ta dafe.

"Likita, ba ni da abin da zan biya ki."

"Ki zo in duba naki haƙoran in kin samu hutu," in ji Dakta Martina. "Ki taho da yaranki."